Sha bakwai ɗin Baba

Zuwa ga Yaya Sabi'u, a Madarumfa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna, da fatan ƙafarta ta yi sauƙi. Ya damina? Ni lafiya lau nake nan Kumasi wurin Gwaggo, kada ku damu.

Sai dai an mayar da ni baya aji guda. Birebe ɗin da na ci a gida, na gama ƙaramar sakandare, ba su san shi ba, nasu jarrabawar daban ce. Shugaban makarantar ya ga sha bakwai a takardar sakamakona, ya girgiza kai. Ashe su bisa ɗari suke ba da maki, mu bisa ashirin. Na yi ƙoƙarin bayani, Turancina ya gaza.

Ka tuna yadda marigayi Baba ya zagaya da takardar nan har bakin tabki yana nuna wa masunta? Ko a kwanciyarsa ta ƙarshe tana ƙarƙashin matashinsa. Har yanzu ƙamshin turarensa take yi. Duk sanda na buɗe ta sai in ji kamar yana tsaye bayana yana cewa, "Na'ima, me suka ce?"

Don Allah ka je lakwal ɗinmu, tsohuwar makarantata, darakta ya rubuto musu cewa bisa ashirin ne, ya buga hatimi. Kada Inna ta ji.

Allah Ya yi maka albarka. Ka hanzarta, Yaya. Baba yana ta tambayata me suka ce.

Ƙanwarka,
Na'ima