Hoton Tsohuwa a Bakin Titi

Zuwa ga jikata,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da kyamarar nan da ba ta iya tsayawa wuri ɗaya.

Tun kakarki na da rai na ji ana cewa kin taɓa ɗaukar ta hoto a titi. Tela ya faɗa, mai shayi ya maimaita, ni kuwa na yi dariya. Na ƙarar da rayuwata a shagon hoto, na zaunar da rabin unguwa gaban labule ina gyara musu haɓa, amma matar nan ba ta taɓa zauna mini ba. Sai ta ce, "Kullum kana kallona, me za ka yi da takarda?"

To, yanzu ina neman takardar. Idan na rufe ido muryarta na zuwa, fuskar ce ta fara ƙi. In akwai hoton, ki taimaki tsoho.

Kakanki

Kaka,

Na same ka lafiya? Ya ƙafa? Kai da ka ce hotunana sun yi kama da abin da akuya ta lasa, yau kai ke roƙo?

Akwai shi, ga shi cikin ambulan. Da yamma ne, an ɗauke ruwan sama, tana tsallaka titi da ledar magani. Na ɗaga kyamara, ta gan ni, ta fashe da dariya, ta kauda kai. Na san bai fito ba, shi ya sa na ɓoye maka. Amma Kaka, duk cikin hotunana babu wanda ya kai shi. Dubi tafiyar kawai.

Taka, mai yawon titi

Jikata,

Ya iso, Allah ya yi miki albarka. Na sa tabarau, na ɗauko gilashin duba fim, na fita da shi rana. Mayafi na gani, da hasken mota kwance cikin ruwa, da wani farin gajimare inda fuska ya kamata ta zauna. Kwalta kuwa ta fito tsaf, har tsakuwa ana gani. Sannu da ƙoƙari.

Tafiyar tata ce, ban musa ba. Kafaɗar hagu a sauke, kamar mai shirin yi mini faɗa. Na daɗe zaune da shi. Amma tafiya ina da ita a kaina, fuska na aike ki. An ce injinan yanzu suna gyara hoto. Ki gwada.

Kakanki

Kaka,

Na gwada. Injin ya ba ni wata kyakkyawar tsohuwa mai fararen haƙora, ba tamu ba ce. Na goge ta. Babu wani hotonta kuma, na duba ko'ina. Ka yafe mini.

Jikarka

Jikata,

Babu laifinki, gara da kika goge. Da na gan ta, da ita zan riƙa tunawa.

Akwai abin da ban rubuta miki ba. Wadda ta ba ni labarin hoton nan a ƙarshe ba tela ba ne, kakarki ce, a gadon asibiti. Ta ce ta yi miki rowar fuska, in na kawo tawa kyamarar gobe za ta zauna. Na ce mata hasken ɗakin ba shi da kyau, mu bari sai an sallame ta.

Ki gaida babanki.

Kakanki