Shuɗiyar rigarka da ban wanke ba

Assalamu alaikum Alhaji, mai albasan kasuwar Agbogbloshie,

Bayan gaisuwa, ina fatan Allah ya sa kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan ba. To da kana raye ma yaushe ka taɓa karanta rubutuna? Cewa kake yi kamar kaji sun yi tono a takarda.

'Yarmu Rabi ta sauka wata biyu bayan tafiyarka, namiji. An sa masa sunanka, ka ga na sake yin mijin da ba zan iya kiran sunansa ba. Baba muke ce masa. Ya fi ka kyau, kada ka ji haushi.

Sai dai tun kafin suna yaron ya ƙi kama nono. Kwana uku yana kuka har muryarsa ta dishe, 'yarka tana kuka tare da shi. Babu dabarar da matan gidanmu na unguwar Nima ba su gwada ba.

Yanzu bari in faɗa maka abin da na ɓoye. Ranar da aka fitar da kayanka sadaka, na sace shuɗiyar rigarka ta zuwa kasuwa, na cusa a ƙasan akwati. E, ni ɗin nan da na shekara arba'in ina tare ka a bakin ƙofa sai ka tuɓe ta, wai warin albasa da almiski yana tayar min da zuciya. Ƙarya nake yi, Alhaji. Tun kafin ka shigo lungu nake jin ƙamshinka, raina ya kwanta. Me ya hana ni gaya maka?

Rana ta huɗu da hantsi na fito da ita ina shinshinawa, sai ga Rabi ta faɗo ɗaki ta miƙo min yaron. Rigar tana kafaɗata. Kukan ya yanke kamar an kashe rediyo. Ya juyo da kai, idonsa a rufe, hancinsa yana lalube har ya kai wuyan rigar, ya buɗe baki. Na shimfiɗa ta a ƙirjin uwarsa, ya kama nono.

Nas ɗin da ke awon jarirai ta ce jariri da hanci yake fara sanin duniya, kuma yakan so ƙamshin abin da uwarsa ta saba ci yana ciki. Rabi kuwa miyar albasarka ta yi ta sha lokacin jinyarka. Na ce to. Da na dawo gida na goga albasa da almiski a sabon ƙyalle don in yaudare shi. Ya kau da kai yana tsala ihu. Ashe ba albasar yake nema ba. A ina ya san ka? Kai kake riƙe da shi, ko shi yake riƙe da kai? Astagfirullahi.

Yau kwana talatin, rigar ta sha nono da tumbuɗi, ƙamshinka yana guduwa. Jiya ya daɗe yana nema kafin ya kama. Idan ya ƙare fa? Shi ya sa nake sa zanen Rabi a ƙarƙashinta, kullum ina janye rigar kaɗan, ko ya koyi ƙamshin uwarsa. Gobe zan wanke ta da hannuna. Don Allah ka sakar mana yaron nan, mai rai ne, uwarsa yake bukata.

Ka san halina dai. Na riga na yanke ɗan ƙyalle daga wuyan rigar na ƙulle a bakin zanena, ban gaya wa kowa ba. Ɗazu na wuce ta bayan Rabi tana shayar da shi. Ya saki nonon, ya juyo yana bi na da hanci.

Na kwance ƙullin, Alhaji. Shi ma gobe zai shiga ruwa.

Allah ya haskaka makwancinka. Sai na zo, kuma wannan karon ka shigo da rigarka.

Taka mai tare ƙofa,
Hajiya, kakar Baba