Kwano Ɗaya a Gwiwa

Yaya Rahamatu,

Salamu alaikum. Ya ƙafar Inna? Ya yara? Ni lafiya lau a Fatakwal, sai 'yar rama.

Maganin da nake sha na ƙanjamau ne, Yaya. Kada ki yi kuka, ba na fashi. Likita ta ce akwai masu gadi a jininmu. Cutar ba ta cika shiga waɗanda ke hutawa ba, sai waɗanda suka miƙe aiki. Sai na tuna shanun Baba kwance a gindin tsamiya da azahar, ga ni nan aiki ba hutu. Hutun nan nake kewa.

Likitar ta ce ba a ɗaukar cutar a abinci. Tambayar mini Inna: in na dawo, zan ci kwano ɗaya da ƙannena kamar dā?

Ƙaninki,
Ashiru