Akwatin da Ba a Buɗewa

Anti, don Allah ki ba ni shawara. Na gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Yayana ya rasu a ƙasar da yake aiki. Mai gyaran firiji ne da na'urar sanyaya ɗaki. Ya daɗe a can, takardunsa ba su taɓa daidaita yadda zai leƙo gida ya koma ba. Da labarin ya iso, dangi suka taru a falon Kawu, aka kalli juna, aka ce ni zan je in taho da gawar tunda ni ce na yi jami'a. Tarihi na karanta, Anti. Idan an koyar da ɗauko gawa, to ranar ban shiga aji ba.

Tun da na zo nake zirga-zirga tsakanin asibiti da ofishin jakadanci da kamfanin jirgi. Kowane ofis da kujerarsa ta roba da mutumin da zai ce in dawo gobe. Yaya kuwa yana mutuware, cikin firiji, da lamba ɗaure a ƙafarsa. Na tsaya ina jin ƙugin injin, na ce a raina da yana da rai da tuni ya gaya musu fankar ce ta kusa mutuwa.

Duk wannan zan iya jurewa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bayanin da ma'aikacin kamfanin shirya gawa ya yi mini yana kurɓar shayinsa. Ya ce za a sa shi a akwatin ƙarfe, a liƙe bakin da darma, a saka cikin na katako, kuma idan an sauka ba a buɗewa, daga filin jirgi sai maƙabarta.

Mama kuwa dalili ɗaya ya sa ta ce a kawo shi. Da wasu suka ce a binne shi inda ya rasu, cewa ta yi ba ta roƙi komai ba sai ta ga fuskar ɗanta sau ɗaya. Kawu ya bugi ƙirji ya yi mata alkawari, bai tambayi kowa ba.

Gidanmu muna da wata ɗabi'a, ba a gaya wa Mama abu mara daɗi, wai saboda hawan jininta. Da ƙodar Yaya ta lalace kowa ya sani, har matar da ke yi mata wanki, ban da ita. Da ya rame ya daina kiran bidiyo, muka ce mata kyamarar wayarsa ce ta fashe. Ko rasuwar, sai da aka fara ce mata jiki ya yi tsanani, alhali ya riga ya cika. Fuskar da take jira, mai kumatun nan da ke hoton bangon ɗakinta, ba ita na gani a mutuware ba.

Yanzu Kawu ya ce in ja bakina in taho da akwatin, idan an isa za a san abin da za a faɗa mata. Ƙanwata ta ce mu ce hukuma ta hana fita da shi, a binne shi nan. Abokan aikinsa, mutanen kirki, kullum tambayata suke yaushe za a bar shi ya huta, a shirye suke su yi masa sutura.

Daga ɗakinsa nake rubuto miki. Katifa a ƙasa, akwatin kayan aiki, ledar magunguna, sai wani mayafi sabo dal da na tabbata Mama ya saya wa. Mai gidan yana son makullinsa. Ina gamawa zan ja ƙofar in miƙa masa, in je in roƙi kamfanin shirya gawar su ƙara mini lokaci. A cikin ƙaryar nan biyu, wacce ta fi sauƙi?

Wadda Aka Aika

'Yar'uwa, Allah Ya jiƙan Yayanki, ke kuma Ya saka miki. An ɗora miki kayan da ba na mutum ɗaya ba ne.

Ba zan zaɓa miki ƙarya ba. Kawu ba mugu ba ne, kuma hawan jinin Mama ba ƙirƙira ba ne. Amma ki kwatanta ranar: akwati ya iso, Mama ta miƙa hannu ta ce a buɗe, maza sun tsaya suna kallon ƙasa. Abin da ake gudun mata zai same ta, a gaban jama'a kuma. Shawarar ƙanwarki ta fi taushi yau, sai dai Mama za ta ƙare kwanakinta tana jin haushin hukumar da ba ta yi mata komai ba, kuna zaune kusa da ita kun sani.

Ki fara komawa ofishin jakadanci ki tabbatar ko dokar liƙewar ba ta da sassauci. Idan haka take, ki kira Mama da kanki, ba ta bakin Kawu ba. Da rana, bayan ta ci abinci ta sha maganinta, da wata da ta yarda da ita a gefenta. Ki gaya mata abu uku a hankali: ya daɗe yana jinya, kamanninsa sun canza, akwatin ba ya buɗuwa.

Sannan ki roƙi masu mutuware su bari ta gan shi ta waya kafin a rufe, idan tana so. Ke ki fara shiga, ki gyara masa lulluɓi. Daga nan ita za ta zaɓa: a kawo shi don kabarinsa ya yi kusa da ita, ko a suturta shi nan ya huta. Duka biyun akwai mutunci. Ɗanta ne, maganar ta koma hannunta.

Kada ki yi mamaki idan kika tarar ta riga ku sani. Ta san ɗanta mai gyara ne, ta san kyamara ba ta shekara a fashe a hannunsa. Mai yiwuwa ita ma shiru ta yi don kada ta tayar muku da hankali.

Mayafin nan ki riƙo shi a jakar hannunki, ki damƙa mata da kanki. Ki ci abinci, ki kwanta ko barcin bai zo ba. Allah Ya sanyaya zuciyar Mama, Ya dawo da ke gida lafiya.