Man Shafa Hantsar Saniya

Lewiston, 4 ga Maris

Zuwa ga Mama,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya gwiwar taki, ya kuma shanu?

Na san ba kya son zancen nan, amma ba ni da wadda zan kai wa kuka sai ke. Ciwon dajin Corinne ya dawo, likita ya ce ya kai hanta. Shekara goma sha biyu muna zaune tare kina ce mata "ƙawar nan taki", ban taɓa yi miki musu ba. Yau Hazel ce damuwata. Lokacin da muka ɗauko ta tana jaririya, ba a yarda mata biyu su ɗauki riƙon yaro tare ba, sai aka rubuta sunan Corinne kaɗai. Ni da na yi rainonta shekara bakwai, a takarda ni ba kowa ba ce. In Corinne ta rasu, yayanta Gerald na iya zuwa daga Florida ya tafi da yarinyar, mutumin da ko shekarunta bai sani ba. Tsoro nake ji, Mama.

Yanzu doka ta buɗe ƙofa, mun shigar da takardu kotu don a sa sunana ni ma a matsayin uwarta. Wata ma'aikaciya ta zo duba gida, ta leƙa har cikin firij, sannan ta tambaye ni wai ko na taɓa kula da yaro. Hazel ta ce mata, "To wa kike zato yake taje min kai? Kyanwa?"

Taki,
Lorna

19 ga Afrilu

Mama,

Ina gaisuwa, da fatan sanyi ya sake ku. Ban ga amsarki ba, amma ba komai.

Abin da ya tsayar da mu abin dariya ne, in ba a kanka ya faɗo ba. Dole sai an ɗauki zanen yatsuna a tabbatar ni ba mai laifi ba ce, kuma sau biyu ana dawo da shi wai bai fito ba. Shekara ashirin ina kwaɓa fulawa ina ɗaukar farantan burodi da zafinsu, yatsun sun goge sumul. Ɗan sandan da ke ɗaukar zanen ya juya hannuna ya ce, "Baiwar Allah, ai ke kin yi asarar sana'a. Da sata kika shiga, har abada ba mai kama ki." Na taya shi dariya, na fito na zauna a mota na sha kukana. In babu zanen, alƙali ba zai sa rana ba.

Corinne ta rame ƙwarai, sai bakin ne bai mutu ba. Jiya ta ce, "Ke Lorna, sarauniyar latti, har mutuwar ma sai na jira ki?"

'Yarki,
Lorna

2 ga Yuni

Mamata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yafe min jinkirin godiya.

Saƙonki ya iso. Ina buɗewa na ga gwangwanin man da kike shafa wa hantsar shanu in ta tsage, warinsa ya mayar da ni ƙuruciya. Na bi umarnin da kika rubuta tiryan-tiryan: shafawa safe da yamma, safar hannu, ba taɓa fulawa har mako biyu. Da aka sake ɗauka, zanen ya fito raɗau.

Layin ƙarshe na takardar taki kuwa na karanta shi ya fi sau goma: "Kada ki bari a kai min jika Florida." Shekara bakwai nake jiran kalmar nan daga bakinki, ashe a cikin kwalin man shanu za ta zo.

Ranar Alhamis muka shiga kotu, Corinne a keken marasa lafiya, ta sha jan baki. Alƙali ya sa hannu, ya miƙa wa Hazel gudumarsa ta buga tebur kamar yadda ake yi wa yara a irin wannan rana. Ta buga har sau uku, ta ce, "Ɗaya ta Mama Corinne, ɗaya ta Mama Lorna, ɗaya tawa."

Likita ya ce da wuya Corinne ta ga ƙarshen shekara. Ban san yadda zan yi da wannan ba. Amma tun ranar Alhamis Corinne ta daina bin Hazel da wannan kallon da ke tsinka min zuciya.

Hazel ta ce in tambaye ki me za ta riƙa kiranki. Na ce ta tambaye ki da bakinta, don ranar Asabar muna tafe mu uku. Ki shimfiɗa wa Corinne a ɗakin ƙasa, ba ta iya hawa bene.

Taki har kullum,
Lorna