Kujerun Ɗalibai Suna Nan Babu Kowa a Suleja

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Koyar da Aikin Haƙori,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Na rubuto ta jarida ne domin saƙonnin da na aiko ofishinka ba su samu amsa ba.

Ranka ya daɗe, ni ne likitan da kuka tura ƙasar waje koyon sabuwar hanyar gyaran saiwar haƙori, wadda ake share ruɓaɓɓiyar jijiya da ɗan inji mai juya allura, maimakon a yi ta murzawa da yatsu. Da na dawo, kai da bakinka ka ce in zauna a asibitin nan na Suleja, za a riƙa turo mini ɗaliban shekarar ƙarshe rukuni-rukuni. A kan maganarka na bar iyalina a Zariya, na kama hayar ɗaki a unguwar Magajiya nan Suleja.

Na farko, damina biyu ke nan ban ga ɗalibi ko ɗaya ba. Na sa kafinta ya yi musu kujeru. Haƙoran da nake cirewa na wanke su, na kafa su cikin filasta, irin farin simintin nan, don su fara gwada hannu a kansu kafin su taɓa bakin mutum. In an tashi aiki, maƙwabtana ba su dawo daga wuraren aikinsu a Abuja ba, sai in zauna in kunna injin in yi ta aiki a kan haƙoran nan, kada hannuna ya manta. Wani lokaci nakan ji kaina ina bayani da ƙarfi, yadda ake sassauta hannu in saiwa ta lanƙwashe don kada allura ta karye a ciki, alhali ni kaɗai ne a ɗakin.

Na biyu, jama'a ke cutuwa. Daga Madalla har Gawu ake zuwa, layi ya yi tsawo, hannu kuwa ɗaya ne. Haƙoran da za su gyaru da yawa cire su nake yi don rashin mataimaki. Watan jiya wata malamar firamare ta roƙe ni kada in cire mata haƙorin gaba, ta ce da shi take tsayawa gaban aji. Na buɗe alluran da na ɓoye wa ɗalibanku na gyara mata. Da za ta fita ta dubi kujerun, ta tambaye ni ko yarana sun tafi hutu ne. 

Na uku kuwa nawa ne. 'Yata da na bari tana rarrafe, yanzu in na je gida ɓuya take yi bayan uwarta.

Ba ƙarin girma nake nema ba. Ina roƙon a turo ɗalibai, ko biyu ne, tare da sababbin allurai. In kuwa an fasa shirin, a faɗa mini gaskiya, in mayar muku da injinku, in koma wurin iyalina. Jiran da ba a san ƙarshensa ba ya fi aikin wuya.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora cikin amanar da ke wuyanka, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Naka,
Dakta Sa'idu Bala,
Magajiya, Suleja.