Tafasar Ruwa a Gidan Baba Kura

Babura, damina, 1971

Zuwa ga ƙanena Zarami,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa ta zumunci, tare da roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka cikin lafiya a can Ingila, Ya kuma buɗa maka karatunka. Mahaifinmu Baba Kura yana nan lafiya, sai ciwon gwiwar nan tasa. Gero ya yi kyau, an fara ganin kai.

Abin da ka ji a rediyo gaskiya ne, amai da gudawa sun shigo mana. Sun taɓa gidanmu ma. Mamuda, ɗan ƙanwarmu Kellu, Allah Ya yi masa rasuwa a makon da aka fara. Baba Kura ya hana a buga maka waya, ya ce kana tsakiyar gwaji. Sai haƙuri.

Bayan rasuwar, Priscilla, nas ɗin asibitinmu, ta bi gida-gida tana cewa kada a sha ruwa sai an tafasa. Muka ce ai muna tafasawa. Da ta leƙa madafa, sai ta tarar kakarmu Hajja Kaka tana sauke tukunya da zarar ƙananan kumfa sun manne a gindinta, wai itace ya jiƙe, ba na ɓarna ba ne. Ban ce wannan ne ya jawo mana ba, Allah ne masani. Amma nan take na tuna zuwanka hutu, ranar da ka ɗora kwalbar gilashin nan taka a kan risho. Ka nuna mana cewa kumfan farko iska ce kawai take fita daga ruwa, tafasa kuwa sai manyan kumfan tururi sun taso daga ƙasa suna fashewa a sama, ruwan yana juyawa. A ranar dariya muka yi maka, Hajja Kaka har tana cewa an kai jikanta ƙasar Turawa kallon kumfa.

Na ɗauko kwalbar daga ɗakinka, na maimaita wa Hajja Kaka yadda ka yi. Ta zauna ta zuba ido har ruwan ya tafasa. Washegari ta sa aka saro busasshen reshen darbejiyar ƙofar gida, don a samu itacen tafasa ruwa sosai. Yanzu Priscilla ta ari kwalbar, tana nuna wa mata a nan da Kanya Babba, domin sun fi yarda da abin da suka gani da ido. Kellu ce take riƙe mata risho.

Ka rubuto cewa kana so ka ajiye binciken da kake yi a kan tafasar ruwa ka dawo, wai kana jin kunyar auna kumfa a bututu alhali mutane suna mutuwa. Na karanta wa Baba Kura. Ya ce in gaya maka ba likita ba ne kai, ka zauna ka gama abin da ya kai ka. Ni ma ra'ayina ke nan.

Hajja Kaka, Sheriff maigidana da 'yarmu Ma'u duk suna gaishe ka. Kellu ma tana gaisuwa. Ta ce kada ka rubuto mata doguwar ta'aziyya, ba za ta iya sauraro ba tukuna.

Allah Ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Ya Kura